Kore jimla a Faransanci: inda Turanci ke sa ɗalibi tuntuɓe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina. Karatuna duka da Turanci na yi shi, yanzu kuma ina koyon Faransanci don in zauna jarrabawar DELF ta gwada ƙwarewa a harshen, matakin A2 na masu farawa. Inda nake shan wuya shi ne kore jimla. A wani aiki da aka ba mu na rubuta *Je ne fais pas parler français*, da *Je n'ai pas un stylo*, da *Je n'ai pas vu personne*, malamarmu ta ja wa duka ukun jan biro. Sannan abokan cinikin yayana da ke zuwa daga Maraɗi ina jin suna cewa *je sais pas*, babu *ne* ɗin da aka ce mana dole ce. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jimlolin nan naka guda uku hanya ɗaya suka biyo kafin su iso takarda: ka yi tunanin maganar da Hausa, ka juya ta Turanci, sannan ka ɗauko kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya kana nema musu kishiya a Faransanci. A zangon tsakiyar nan kuskuren ya shigo. A batun korewa Hausa ta fi Turanci kusa da Faransanci nesa ba kusa ba, saboda haka shawarata ta farko ita ce ka riƙa tsallake Turancin gaba ɗaya.

Turanci idan zai kore jimla sai ya gayyato *do* ko *does* ko *did* ta ɗauki *not*. Faransanci ba shi da wannan ɗan aike. Da ka fassara *do* da *faire*, sai ka faɗa wani gini daban, domin *faire* idan wani aikatau ya biyo ta ma'anarta sa wani ya yi abu. Abin da ka rubuta kusan yana nufin ba ka sa a yi magana da Faransanci. Abin da kake so shi ne *Je ne parle pas français*. Dubi Hausa: na ci, ban ci ba. Korewar guda biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya. Haka *ne* da *pas* suke, kamar mangala a bayan jaki, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, jakin kuwa shi ne aikatau ɗin da ya sauya siffa don ya dace da mai aikin. *Je parle* ta zama *je ne parle pas*, *nous savons* ta zama *nous ne savons pas*.

Idan aikatau ya fara da wasali, ko da *h* ɗin da ba ta hana haɗewa, *ne* tana zubar da wasalinta ta koma *n'*: *il n'aime pas*, *elle n'écoute pas*, *je n'habite pas à Maradi*, *il n'y a pas*. Lura kuma da cewa *j'aime* tana komawa *je n'aime pas*. *Je* ta dawo cikakkiya, tunda yanzu baƙi ne ke bin ta.

Akwai wuri ɗaya da Hausar ma za ta iya ja ka ƙasa, gara ka san shi tun yanzu. A Hausa ba ta biyu tana jira har ƙarshen magana: ban ga Musa a kasuwa jiya ba. *Pas* ba ta jira. Manne take da aikatau, sauran jimla su biyo bayanta: *Je n'ai pas vu Moussa au marché hier*. Ɗalibi Bahaushe yakan kai *pas* can ƙarshe, musamman idan jimla ta yi tsawo, kuma wannan kuskure ne da ke hana a fahimce shi nan take.

Wannan misali ya kawo mu ga shuɗaɗɗen lokaci, wanda ake kira *passé composé*. Aikatau biyu ne a nan, mataimaki *avoir* ko *être*, da kuma ainihin aikin a siffar da ake kira *participe passé*. Wanda ke sauyawa da mai aiki shi ne mataimakin, don haka shi ake ɗora wa korewar: *je n'ai pas mangé*, *elle n'est pas venue*, *nous n'avons pas compris*. *Je n'ai mangé pas* ba Faransanci ba ne. Ƙa'idar ba ta canzawa idan aikatau biyu suka jeru a wani lokacin: *je ne vais pas partir*, ba zan tafi ba, *il ne veut pas manger*, ba ya son cin abinci, *nous ne pouvons pas attendre*, ba za mu iya jira ba.

Wakilan suna irin su *me, te, se, le, la, les, lui, leur, y, en* suna shiga tsakanin *ne* da aikatau, kuma su kaɗai ke da izinin shiga wurin. *Je le connais* ta zama *je ne le connais pas*. *Je ne lui ai pas parlé*, ban yi masa magana ba. *Je ne me suis pas levé tôt*, ban tashi da wuri ba. *Il ne m'en a pas donné*, bai ba ni daga ciki ba. Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan: *ne* tana zuwa daidai bayan mai aiki, kafin komai. Idan tambaya ce aka juya aikatau da wakilin suna, korewar ta rungumi su biyun: *Pourquoi ne viens-tu pas ?* ko *N'avez-vous pas reçu ma lettre ?*

Wuri ɗaya ne *ne* da *pas* ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, wato gaban aikatau ɗin da bai sauya siffa ba, *infinitif*. Ɗauki kwalin magani da aka rubuta da Faransanci, za ka ga *Ne pas dépasser la dose prescrite* ko *Ne pas avaler*. A bangon ofis kuma *Prière de ne pas fumer*. Cikin jimla: *Il m'a dit de ne pas sortir*, ya ce kada in fita. Inda ka ajiye korewar yana juya ma'ana, kuma wannan ya cancanci ka tsaya a kansa. *Je ne peux pas venir* tana nufin ba zan iya zuwa ba. *Je peux ne pas venir* tana nufin ina da damar in ƙi zuwa, ko mai yiwuwa ba zan zo ba. Kalmomin ɗaya ne, wurin zamansu ne ya bambanta.

Umurni yana da nasa tarko. Idan kana sa mutum ya yi abu, wakilan suna suna bin bayan aikatau da ɗan layi: *donne-le-moi*, *lève-toi*, *vas-y*. Idan hani ne, irin kada ka na Hausa, sai su dawo gaba, layin ya ɓace, *moi* da *toi* su koma *me* da *te*, har jerinsu ya sauya: *ne me le donne pas*, *ne te lève pas*, *n'y va pas*. A ta ƙarshen lura da cewa *s* ɗin *vas-y* ta faɗi, don dama an sa ta ne kawai saboda daɗin furuci a gaban *y*.

Sai jimlarka ta biyu, *Je n'ai pas un stylo*. Turanci yana barin *a* ɗinsa a wurin ko da an kore jimla, shi ya sa ka bar *un*. A Faransanci, *un, une, des, du, de la, de l'* duk suna rikiɗewa su zama *de*, ko *d'* a gaban wasali, idan suna gaban sunan da aikin ya faɗa wa kai tsaye kuma an kore samuwar abin gaba ɗaya. Daidai shi ne *Je n'ai pas de stylo*. Haka *j'ai des enfants* ta zama *je n'ai pas d'enfants*, *il boit du lait* ta zama *il ne boit pas de lait*, *il y a de l'eau* ta zama *il n'y a pas d'eau*. Dalilin kuwa a fili yake: waɗannan ƙananan kalmomi adadi suke nunawa, guda ɗaya ko wani kaso, to idan babu abin sam babu adadin da za a nuna. Wannan *pas de* ita ce babu ta Hausa, kuma za ka ji ta ita kaɗai a kasuwa da tasha: *pas de monnaie*, babu canji, *pas de courant*, babu wuta, *pas de problème*, ba matsala.

Ƙa'idar tana da iyaka, kuma ɗalibai da yawa da zarar sun koye ta sai su wuce gona da iri. *Le, la, les* ba sa canzawa, haka ma *mon, ton, ce, cette*. *Je n'aime pas le thé*, ba na son shayi. Amma *je ne bois pas de thé*, ba na shan shayi. A ta farko shayi ake nufi a matsayin jinsinsa duka, a ta biyu adadin da ake sha ne ya zama babu. Bayan *être* ma ba a canzawa: *Ce n'est pas un stylo*, *ce ne sont pas des étudiants*, *ce n'est pas du sucre*. A nan abin yana nan, sunan da aka ba shi ne ake musantawa, daidai da ba biro ba ne na Hausa, wanda ya sha bamban da babu biro. Idan ka rikice, tambayi kanka da Hausa: babu nake nufi, ko ba shi ba ne? Amsar za ta nuna maka ko *de* za ka sa.

Ita kanta jimlar da ka rubuta tana da wurin da take daidai, sai dai ba ma'anar da ka nufa ba. *Je n'ai pas un stylo, j'en ai trois* tana nufin ba biro ɗaya gare ni ba, uku ne. *Je ne veux pas du riz, je veux des haricots*, ba shinkafa nake so ba, wake nake so. Idan ana gwama abu biyu haka, ƙaramar kalmar tana nan yadda take. Ana kuma barin *un* don ƙarfafawa, *je n'ai pas un seul ami ici*, ba ni da aboki ko ɗaya a nan. Sannan akwai *du* da *des* waɗanda asalinsu *de* ce ta haɗe da *le* ko *les*, su ma ba sa motsi: *je ne me souviens pas du nom*, *il ne parle pas des examens*. Maganganu irin su *avoir faim, avoir soif, avoir peur* kuwa dama ba su da komai a gaban sunan, kada ka cusa musu: *je n'ai pas faim*.

Jimla ta uku ita ce ta fi faɗi. *Je n'ai pas vu personne* hoton *I did not see anybody* ce, *not* ta zama *pas*, *anybody* ta zama *personne*. Amma *personne* ba ƙari ba ce a kan *pas*, madadinta ce. Idan *personne, rien, jamais, plus, aucun, nulle part* ko *ni... ni* ta shigo, *pas* ta fita. Daidai shi ne *Je n'ai vu personne*.

Ɗan tarihi zai sa wannan ya zauna maka. A tsohon Faransanci *ne* ita kaɗai ce ke kore jimla. *Pas* kalma ce mai ma'anar taku, ana ƙara ta don ƙarfafawa, kamar ka ce ban yi ko taku ɗaya ba. Tana da 'yan'uwa da ake amfani da su haka, *point* ɗigo, *goutte* ɗigon ruwa, *mie* ɓarɓashin burodi. A hankali *pas* ta rinjaye su ta zama dole, har ta kai yau ita ce ke ɗauke da nauyin korewar. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, ya bayyana wannan juyi a 1917, kuma masana suna kiran sa da sunansa. *Rien* daga kalmar Latin mai ma'anar abu ta fito, *personne* kuwa mutum ce har gobe, kamar a *une personne*. Ka ga ke nan duk aikinsu ɗaya da *pas*, shi ya sa ba sa zama tare. Hausa ma haka take yi da kowa da komai: kowa ya zo, amma ban ga kowa ba, komai ya yi, amma ban ci komai ba. Idan ka haɗa *pas* da *rien*, korewa ta kore korewa: *ce n'est pas rien* tana nufin ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda suke faɗuwa a kan Hausa. *Ne... jamais* ita ce ban taɓa ba, ko sam ba na: *je n'ai jamais vu la mer*, ban taɓa ganin teku ba. *Ne... plus* ita ce na daina, ko babu saura: *il ne fume plus*, ya daina shan taba, *il n'y a plus de pain*, burodi ya ƙare. *Ne... pas encore* ita ce tukuna: *elle n'est pas encore arrivée*, ba ta iso ba tukuna. Kowacce tana da kalmar da take korewa, kuma jarrabawa na son gwada wannan: *quelqu'un* ta koma *personne*, *quelque chose* ta koma *rien*, *toujours* da *souvent* su koma *jamais*, *encore* ta koma *plus*, *quelque part* ta koma *nulle part*. *Déjà* hanya biyu gare ta. *Tu as déjà mangé ?* ka riga ka ci, amsarta *pas encore*. *Tu as déjà visité Niamey ?* ka taɓa zuwa Yamai, amsarta *jamais*.

A shuɗaɗɗen lokaci ba wuri ɗaya suke zama ba, kuma a nan ake zubar da maki. *Rien, jamais, plus* suna zama inda *pas* take, tsakanin mataimaki da ainihin aikin: *je n'ai rien vu*, *il n'a jamais menti*. *Personne, aucun, nulle part* kuwa sai bayan aikin: *je n'ai vu personne*, *je n'ai reçu aucun message*, *je ne l'ai trouvé nulle part*. Haddace waɗannan biyun a jere, *je n'ai rien vu, je n'ai vu personne*, ka riƙa auna sauran da su. Haka bambancin yake a gaban *infinitif*: *ne rien dire*, amma *ne voir personne*. Idan aikatau na tafiya da *à, de, avec*, to *rien* da *personne* suna bin bayan waɗannan: *je ne pense à rien*, *je n'ai besoin de rien*, *il ne parle avec personne*. Siffa idan ta biyo su sai da *de*, kuma a jinsin namiji: *rien de grave*, *rien de nouveau*, *personne d'autre*.

Suna iya zama masu aikin kansu a farkon jimla, *ne* tana nan, *pas* babu: *Personne n'est venu*, babu wanda ya zo, *Rien ne marche*, babu abin da ke aiki, *Aucun élève n'a répondu*. *Aucun* tana bin jinsin suna, *aucun livre, aucune idée*, sunan kuma tilo ne ko da Turanci zai sa jam'i. *Ni... ni* tana kore abu biyu, tana zubar da *un, du, des* amma ta bar *le, la, les*: *je ne bois ni thé ni café*, *je n'aime ni le thé ni le café*.

A makaranta an hore ka cewa Turanci mai kyau ba ya tara korewa biyu a jimla. Kada ka ɗauko wannan doka zuwa nan. In ban da *pas*, sauran suna jeruwa lafiya lau kuma ma'anar tana nan a kore: *Je ne dis jamais rien à personne*, ba na faɗa wa kowa komai, *il n'y a plus personne*, babu sauran kowa, *je n'y retournerai plus jamais*, ba zan ƙara komawa ba har abada. Jerin da aka saba shi ne *plus*, sai *jamais*, sai *rien*, sai *personne*. Bayan *sans* kuma ba a sa *ne* ko *pas*, don ita kanta korewa ce: *il est parti sans rien dire*, ya tafi bai ce komai ba.

Kula da *toujours* idan ta haɗu da *pas*. *Il n'est pas toujours là*, ba kullum yake nan ba. *Il n'est toujours pas là*, har yanzu bai zo ba.

*Ne... que* tana kama da korewa amma taƙaitawa ce, kuma mai Turanci yakan sha wuya da ita saboda *only* ba ta da alamar korewa. Kai kana da sai. *Je n'ai que mille francs*, ba ni da komai sai sefa dubu. *Il ne boit que du thé*, ba ya shan komai sai shayi. Tunda shayin ana shan sa, *du* ba ta koma *de* ba. *Que* tana tsayawa daidai gaban abin da aka taƙaita, inda sai ɗin Hausa za ta tsaya: *je ne travaille que le lundi*, ba na aiki sai ran Litinin. Ita kuwa tana yarda da *pas*, ma'anar kuma ta zama ba shi kaɗai ba: *il ne parle pas que le haoussa*, ba Hausa kaɗai yake ji ba.

Bari mu bi jimla ɗaya daki-daki ka ga yadda ake aikin. *Elle lui a déjà envoyé des photos*, ta riga ta aika masa hotuna. Fara da neman aikatau ɗin da ya sauya siffa, shi ne *a*. Sa *ne* bayan mai aiki, kafin *lui*: *elle ne lui a*. Duba ko akwai kalmar da ke da kishiyarta ta musamman, akwai *déjà*, don haka *pas encore* ce za ta biyo bayan *a*. Sai ka duba sunan da aikin ya faɗa wa, *des photos*, aikatau ɗin ba *être* ba ne, ba a kuma gwama abu biyu, saboda haka *des* ta koma *de*. Sakamako: *Elle ne lui a pas encore envoyé de photos*. Wannan dubawa ta ƙarshe ita ake yawan mantawa, domin hankali ya riga ya tafi kan *ne* da *pas*.

Amsa tambayar da ke da korewa a ciki wani wuri ne da Hausa da Faransanci suka raba hanya. Idan aka ce maka ba ka ci ba, a Hausa kana iya cewa e, ban ci ba, ko a'a, na ci, wato kana gaskata mai tambaya ne ko kana musa masa. Faransanci abin da ya faru yake duba. *Tu n'as pas mangé ?* Idan ba ka ci ba, *Non, je n'ai pas mangé*. Idan ka ci, ba *oui* ba ce, akwai kalma ta musamman: *Si, j'ai mangé*. *Oui* a nan tana barin mai tambaya cikin duhu. Haka ni ma ta Hausa ta rabu biyu: wanda ya ce *j'aime le foot* a ce masa *moi aussi*, wanda ya ce *je n'aime pas le foot* a ce masa *moi non plus*. Idan kai kana so shi ba ya so, *moi si*.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi na nahawu haɗari, domin yana juya saƙo. Mai Turanci yana son ya ce *you don't have to come*, sai ya ce *tu ne dois pas venir* ko *il ne faut pas venir*. Mai jin Faransanci zai ɗauka hana shi zuwa aka yi. *Il ne faut pas* tana nufin kada, bai kamata ba. Idan ba dole ba ne kake nufi, ce *tu n'es pas obligé de venir*, ko *ce n'est pas la peine de venir*. A asibiti ko wurin aiki, tsakanin kada ka sha da ba dole ka sha ba akwai tazara mai yawa.

Yanzu ga mutanen Maraɗi. Abin da ka ji daidai ka ji, kuma ba gurɓataccen Faransanci ba ne. A hirar yau da kullum *ne* tana faɗuwa ko'ina ake jin harshen, har a Faransa kanta. Masanin harshe William Ashby ya naɗi hirar mutanen birnin Tours a 1976, ya tarar ana furta *ne* a kusan kashi 37 cikin ɗari na jimlolin korewa; da ya koma a 1995 abin ya sauka zuwa kusan kashi 18. A Faransancin baka na Montreal da ke Kanada kuwa da ƙyar ake jin ta. Juyin da Jespersen ya bayyana ne ke ci gaba. Za ka ji *c'est pas grave*, *j'ai rien dit*, *y a pas de problème*, har *je sais pas* ɗin ma a bakin mai sauri takan dunƙule ta fito kamar she-pa. Abin da ba ya faɗuwa shi ne rabi na biyu. Mai koyo yakan yi akasin haka, ya riƙe *ne* saboda tana kama da *no* ko *not*, ya saki *pas*, kuma *je ne parle français* ba wanda ke faɗin ta.

Don haka a sauraro, *pas, rien, jamais, personne, plus* za ka kafa wa kunne, kada ka jira *ne*. *Plus* tana buƙatar kulawa ta musamman. Idan *ne* ta faɗi, *j'en veux plus* a rubuce tana iya zama ina son ƙari ko ba na son ƙari. Furuci ne ke raba gardama: idan an furta *s* ta ƙarshe, ƙari ake so, idan ba a furta ta ba, an ƙoshi. Ka kiyaye wannan idan ana zuba maka abinci ko ana auna maka kaya.

A rubutu, *ne* dole ce, in ban da saƙon waya tsakanin abokai. DELF sassa huɗu gare ta, sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25, ana cin ta da 50 cikin 100 muddin ba a samu ƙasa da 5 a wani sashe ba. A sashen rubutu kada ka bar *ne* ko sau ɗaya. A sashen magana ma ina ba ka shawarar ka riƙe ta, domin a matakinka mai jarrabawa yana son ya tabbatar ka mallaki ginin cikakke, kuma wanda ya saba da cikakken ba ya shan wuyar sakin rabinsa daga baya. Wurin da za ka fi mantawa da ita shi ne bayan *on*, saboda *on a* da *on n'a* furucinsu ɗaya ne. Kunne ba zai taimake ka ba, ido ne zai yi aiki: in ka ga *pas* ko *rien* a gaba, rubuta *on n'a pas*, *on n'entend rien*.

Idan ka fara karanta jarida ko wasiƙun ofis za ka haɗu da *ne* ita kaɗai, iri biyu. Ta farko korewa ce ta gaske, saura daga tsohon salo, galibi tana zuwa da aikatau huɗu, *pouvoir, savoir, oser, cesser*: *je ne peux vous répondre*, ba zan iya ba ku amsa ba; *il ne cesse de pleuvoir*, ruwa bai daina sauka ba. Ta biyu ba ta kore komai, ana kiran ta *ne explétif*, kuma tana zuwa bayan *avant que*, *à moins que*, bayan maganar tsoro, da wurin kwatanta abu biyu. *Partez avant qu'il ne pleuve*, ku tafi kafin ruwa ya sauko. *C'est plus cher que je ne pensais*, ya fi yadda na zata tsada. *J'ai peur qu'il ne vienne* tana nufin ina tsoron kada ya zo, inda Hausa ma ta sa kada alhali zuwan ake tsoro. Idan rashin zuwansa kake tsoro, sai *pas* ta bayyana: *j'ai peur qu'il ne vienne pas*. A matakin A2 ba a buƙatar ka rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun, gane su idan ka gan su a sashen karatu ya wadatar.